Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa Ga Iyayenmu Fastoci Da Dattawan Ekklesiya A Kaduna

Iyayenmu cikin Ubangiji,

Ina gaishe ku cikin sunan Yesu Almasihu. Yaya aiki, yaya iyali, yaya haƙuri da mu? Allah ya ƙara muku ƙarfi da lafiya.

Ni ɗan ekklesiya ne kawai. Ban yi karatun tauhidi a Kagoro ko Bukuru ba, ba a taɓa ɗora mini hannu ba, kuma na san cewa a tarbiyyarmu yaro ba ya tsayawa ya yi wa uba huɗuba. Da hannu biyu nake miƙo wannan takarda. Na rubuta ta a fili ne saboda maganar ta wuce majami'a ɗaya da ɗarika ɗaya. Ana yin ta a Sabon Tasha da Narayi, ana yin ta a Television da Unguwar Romi da Gonin Gora, a cikin Keke Napep bayan an tashi sujada, a gidan makoki ƙasa-ƙasa, a wayoyin matasa da tsakar dare. Wuri ɗaya ne ba a yin ta, wato a gabanku. Ni kuwa ina ganin ku ne kuka fi cancanta ku ji.

Maganar biyayya ce. A 'yan shekarun nan wa'azinta ya yawaita ƙwarai. Ibraniyawa 13:17, wadda ta ce mu yi wa shugabanninmu biyayya, har yaran makarantar Lahadi sun haddace farkonta. Muna jin labarin Kora da ƙasa ta buɗe baki ta haɗiye, da na Maryamu 'yar'uwar Musa da ta kuturce don ta yi gunaguni a kansa, da maganar Sama'ila ga Saul cewa tawaye daidai yake da zunubin duba. Duk a rubuce suke, ba mu musu. Mu da aka raine mu da "bin na gaba bin Allah", muka saba durƙusawa mu gaida manya, ba mu da wahalar gane cewa Allah ya sa shugabanni a cikin jama'arsa.

Mun kuma san abin da shugabancin nan ya ci muku a jihar nan. Bayan rikicin 2000 da na 2002, lokacin da iyalai da yawa suka kwashe kaya suka tsallako kogi zuwa kudancin gari, ku ne kuka buɗe majami'u aka kwana a ciki, ku ne kuka tsaya a bakin kaburbura. Da masaƙun Kakuri suka rufe, magidanta suka zauna ba albashi, ƙofar gidan fasto ce aka riƙa ƙwanƙwasawa. A watan Yuli na 2021, da aka kwashe ɗalibai sama da 120 daga makarantar Bethel Baptist a hanyar Kachia, fastoci ne suka zauna da iyayen yaran wata da watanni. An sace limamai da fastoci a jihar nan, an kashe waɗansu. Har yau akwai mai bishara a ƙauyukan Kajuru da Kauru da Zangon Kataf da ke kwana a inda rabin gari ya gudu, don ragowar tsofaffin da ba su da wurin zuwa. Irin wannan mutum ba ya buƙatar yin wa'azin biyayya, ko ya ce a yi tsalle a faɗa rijiya sai an yi gardamar wanda zai fara.

To, nan ne ma damuwata take. A wurin da hukuma ta yi nisa, asibiti ya yi tsada, kotu ta zama ta mai kuɗi, fasto ya zama alƙali, ya zama mai sasanta aure, mai nema wa yaro gurbin aiki, mai ba da rancen kuɗin makaranta. Maganarsa ta yi nauyin da ba ta da shi a zamanin kakanninmu. Mutumin da yunwa da tsoro suka haɗu a kansa, idan aka ce masa albarkarsa tana hannun wane, ba zai tsaya bincike ba.

Shi ya sa nake roƙo a riƙa karanta mana ayar nan ta Ibraniyawa har ƙarshenta. Dalilin biyayyar yana cikinta: shugabanni suna tsaron rayukanmu a matsayin waɗanda za su ba da lissafi. Amana aka ba ku, kuma akwai ranar tambaya. Bitrus, wanda ya kira kansa dattijo ɗan'uwan dattawa, ya ce a yi kiwon garken Allah ba bisa tilas ba, ba don kwaɗayin riba ba, ba da nuna iko a kan waɗanda aka ba ku riƙo ba. Bulus ya gaya wa Korantiyawa a wasiƙarsa ta biyu cewa su manzanni ba sa mulkin bangaskiyar kowa, abokan aiki ne don farin cikinsu. Ubangiji da kansa, a Markus 10, ya kwatanta yadda sarakunan al'ummai suke danne mutanensu, sa'an nan ya ce a tsakaninku ba haka za a yi ba. Waɗannan ayoyi ba su cika samun ranar Lahadi ba.

Wadda take samu ita ce Zabura 105:15, kada ku taɓa shafaffuna. Iyayena, ku kun fi ni sanin abin da ke gaban ayar da bayanta. Zaburar tana ba da labarin zuriyar Ibrahim ne sa'ad da suke 'yan kaɗan, baƙi, suna yawo daga wannan al'umma zuwa waccan, sai Allah ya tsawata wa sarakuna saboda su. Marasa ƙarfi ake karewa daga masu iko. Yau an juya ta, mai iko ne yake ɗaga ta don ya rufe bakin marar ƙarfi. A cikin Sabon Alkawari kuwa, Yahaya ya gaya wa masu bi gaba ɗaya cewa suna da shafewa daga Mai Tsarkin nan. Ke nan gwauruwar da ke zaune a benci na ƙarshe ita ma shafaffiya ce, wanda ya taɓa ta shi ma yana da abin tsoro.

Dawuda ma da ake kawo mana misali da shi, a duba abin da ya yi da kyau. Gaskiya ne, a kogon En-gedi ya ƙi kashe Saul, har zuciyarsa ta dame shi don ya yanki gefen rigarsa. Amma da Saul ya fita, Dawuda ya bi shi ya ɗaga murya, ya rusuna, ya kira shi ubana, sa'an nan ya faɗa masa ƙiri-ƙiri cewa farautar ransa yake yi ba da wani laifi ba, Ubangiji ya shara'anta tsakaninsu. Tun kafin nan, da Saul ya jefe shi da mashi, bai zauna yana kaɗa garaya yana jiran na gaba ba, kaucewa ya yi, daga baya ya gudu. Ladabi bai hana shi faɗin gaskiya ba, bai kuma hana shi tsira da ransa ba. Da Dawudan ya zama sarki ya yi nasa laifin, Natan ya shiga fada ya ce masa kai ne mutumin. Bulus, wanda ya zo daga baya, ya tsawata wa Bitrus a Antakiya a gaban kowa. Ban ga inda ƙasa ta haɗiye Natan ko Bulus ba.

Bari in sauko kan abubuwan da muke gani da idonmu.

Kuɗi ne na farko, domin a kansa aka fi kiran mutane 'yan tawaye. Ana yin gidauniyar gini, ana yin bikin godiya, a karɓi zakka da baiko da alkawari, mata su sayar da kaji da hatsi su kawo. Shekara ta zagayo gini yana nan inda yake. Wani ya ɗaga hannu a taron membobi ya ce a karanta mana abin da ya shigo da abin da ya fita, sai a ce ruhun Kora ya shige shi. Uwar adashe ma, da ba ta karanta tauhidi ba, ta san cewa duk mai zubi yana da ikon ganin littafi, kuma ranar da ta ɓoye shi ranar adashen ya mutu. Bulus da ya tara gudummawa don matalautan Urushalima bai ce ku yarda da ni don ni manzo ne ba. A 2 Korantiyawa 8 ya bayyana cewa ikilisiyoyi ne suka zaɓi ɗan'uwan da zai yi tafiya tare da kuɗin, don kada kowa ya sami abin zargi, domin yana so abin ya zama daidai a gaban Ubangiji da gaban mutane kuma. A Ayyukan Manzanni 6, da aka yi gunaguni cewa ana tsallake waɗansu gwauraye wajen rabon abinci, manzanni ba su la'anci kowa ba. Sun tara jama'a suka ce ku zaɓi mutum bakwai daga cikinku mu danƙa musu aikin. Ƙorafi ne ya haifi wannan gyara. Yawancin ɗarikunmu suna da tsari mai kyau a rubuce, akwai ma'aji, akwai magatakarda, akwai masu binciken kuɗi daga gunduma. Abin da muke roƙo a bi shi, a riƙa karanta rahoto a fili ba sai an tambaya ba. Fasto mai gaskiya ma kariya ce gare shi.

Sai horo. Ban ƙi horo ba, ekklesiyar da ba ta iya ce wa ɗanta ka yi laifi ta rasa wani abu. Amma mun daɗe muna kallon yarinya da ciki tana zaune a kujerar baya, an hana ta Jibin Ubangiji, an cire ta daga mawaƙa, kowa yana kallonta kowace Lahadi, wanda ya yi mata cikin kuwa yana gaba, wani lokaci shi ne babban baƙo a ranar gidauniya. Yaran da muke koyarwa suna gani, kuma sun fi mu saurin lissafi. Idan laifin ya shafi ma'aikacin ekklesiya, sai a ji an yi masa canjin wuri cikin dare, an kai shi wata ikilisiya da ba ta san komai ba, an ce wa iyayen yarinyar su yi shiru don a rufa asirin aikin Allah. Asirin wa aka rufa? 1 Timoti 5 ta kare dattijo daga ƙazafi, ta ce kada a karɓi ƙara a kansa sai da shaidu biyu ko uku, kuma daidai ne, domin akwai masu sharri. Amma ayar da ke biye ta ce waɗanda suka nace da zunubi a tsawata musu a gaban kowa, ta bayanta kuma ta ce kada a yi son kai. Tare aka rubuta su. Idan kuma abin ya kai ga taɓa ƙaramar yarinya ko yaro, ya wuce zaman dattawa, laifi ne a dokar ƙasa, Romawa 13 da kuke koya mana ta ce hukuma ba a banza take riƙe da takobi ba.

A nan zan ɗan daɗe, saboda iyayenmu na ƙungiyar Zumuntar Mata ba za su rubuta ba, ko da yake su ne suka fi cika majami'a, su ne kuma suka fi ɗaukar nauyinta. Mace ta zo da kumburarren ido, ba sau ɗaya ba, ba sau biyu ba. A zaunar da ita a karanta mata Afisawa 5:22, mata ku yi biyayya ga mazanku, a ce ta koma ta ƙara haƙuri da addu'a, ta bincika ko bakinta ne yake jawo mata. Mijin kuwa a ce masa ya riƙa sassautawa, kamar dai dukan yana da ma'aunin da ya halatta. Aya ɗaya kafin wannan ta ce ku yi wa juna biyayya cikin tsoron Almasihu. Ayoyi uku bayanta aka ce wa miji ya ƙaunaci matarsa kamar yadda Almasihu ya ƙaunaci ikilisiya har ya ba da kansa dominta. Wanda aka ce ya mutu domin mace, ta ina ya samo izinin karya mata haƙarƙari? Abigel ba ta bi wautar mijinta Nabal ba, ta ɗauki abinci ta tari Dawuda ba da sanin mijinta ba, aka yaba wa hankalinta. Safiratu ta bi mijinta a kan ƙarya, aka tambaye ta ita kaɗai, ta kuma ɗauki hukuncinta ita kaɗai. Ba ina kiran a raba aure ba ne. Ina cewa idan rai yana cikin haɗari, a fara raba ta da sandan tukuna, a sa mijin a horo kamar yadda ake sa mazinaci, a daina mayar da ita don kawai kada a ce auren da aka ɗaura a majami'armu ya samu matsala. Mun yi jana'izar da kowa a wurin ya san abin da ya faru, aka yi wa'azi a kan lokacin Allah, aka watse.

Ƙananan fastoci da masu bishara ma suna da nasu kukan, sai dai ba su da bakin yi. Wanda ya faɗi ra'ayinsa a taron gunduma ya san inda takardar canjin aiki za ta iya jefa shi da matarsa da 'ya'yansa. Haka kuma, don kada a ce na ɗora komai a kan masu kwala, akwai ikilisiyoyin da fasto ne ɗan amshin shata, dattijo ɗaya mai kuɗi ko dangi ɗaya da suka ba da filin majami'a su ne suke juya komai, faston da ya yi wa'azin da ya taɓa su ba zai ga damina biyu a wurin ba. Wannan ma mulkin mallaka ne. Yahaya ya ambaci irinsa a wasiƙarsa ta uku, Diyotarifis mai son zama na gaba, wanda yake korar mutane daga ikilisiya.

Abin da ya fi ba ni tsoro shi ne sabon salon da ke jan matasanmu, na uba na ruhaniya wanda ba a aure, ba a karɓar aiki, ba a tafiya sai da izininsa, wanda shi kansa ba ya ƙarƙashin kowa. Shi ya kafa, shi ne shugaba, matarsa ce ma'aji. Wanda ya bar wurin a ce ya fita daga inuwa, a bi shi da baki, duk abin da ya same shi daga baya, ko zazzaɓi ne, a kawo shi shaida a kan mumbari. An gwada wannan a wani wuri an ga ƙarshensa. A shekarun 1970, waɗansu masu wa'azi biyar a Fort Lauderdale ta Amurka sun koyar da cewa kowane mai bi sai ya sami makiyayi na kansa da zai miƙa wa al'amuransa. Abin ya bazu, ya ɓata rayuka da gidaje da yawa. Derek Prince ya janye daga cikinsu a 1983, Bob Mumford kuma ya fito a 1989 ya nemi gafara a fili. A nan nahiyarmu, a 2023 aka fara tono gawarwaki a dajin Shakahola na ƙasar Kenya, har suka haura 400, da yara a ciki, mabiyan wani mai wa'azi da ake tuhuma da umartarsu su yi azumi har mutuwa don su sadu da Yesu. Ba ranar farko aka ce musu su mutu ba. An fara ne da koya musu cewa tambaya rashin bangaskiya ce. Na san mafi yawanku kuna ƙyamar wannan. Amma idan a majami'unmu na gado muka saba wa yaro da cewa ba a tambayar mai riƙe da makirufo, mun gama shirya shi don wanda zai zo ya kwashe.

Mu ma membobi muna da namu. Akwai mai sauya majami'a duk lokacin da aka ja masa kunne, akwai mai zagin fasto a Facebook da sunan ɓoye alhali bai taɓa zuwa ya same shi su biyu ba kamar yadda Matiyu 18 ta ce, akwai wanda ba ya ba da ko sisi amma shi ne kan gaba wajen zargin an ci kuɗi. Ku tsawata mana a kan waɗannan, hakkinku ne. Sai dai yawancin masu maganar bayan ido sun koma can ne don ƙofar gaba a rufe take.

Ku tuna ku ne kuka koya mana karatu. Tun da aka buga cikakken Littafi Mai Tsarki da Hausa a 1932, bayan aikin shekaru da su Dakta Walter Miller na Zariya suka yi, hanyar bishara a ƙasar nan ita ce a sa Littafin a hannun manomi da matarsa. Kakanninmu sun zauna ajin karatu da yamma bayan an taso daga gona, suna haɗa baƙi da wasali, don su karanta da idonsu kafin a yi musu baftisma. Luka ya yaba wa mutanen Biriya don suna binciken Littattafai kowace rana su ga ko abin da Bulus ya faɗa haka yake, kuma Bulus ɗin ne fa. Iyayen da suka karɓi ragamar ekklesiya daga hannun Turawan mishan, aka kafa ɗarikar ECWA a 1954, aka kafa tarayyar ekklesiyoyin da ta zama TEKAN a 1955, sun zauna da waɗanda suka yi musu baftisma sun yi shawara, wani lokaci sun yi gardama, ba wanda yake kiransu 'yan tawaye yau. Jikokinsu ne suke ɗaga hannu a taron membobi.

Gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba. Roƙona shi ne kowane shugaba a cikinku ya iya gaya wa ikilisiyarsa sunan majalisar da za ta iya tsawata masa, da hanyar da ɗan ekklesiya zai bi ya kai kuka can ba tare da takardar ta biyo ta hannun wanda ake ƙara ba. A sa mata dattijai a zaman da ake sauraron matsalar aure da ta 'yan mata. A daina la'anta daga mumbari, wanda zai tafi a sallame shi da addu'a. Ranar da za a yi wa'azi a kan Ibraniyawa 13:17 kuma, a haɗa da Ezekiyel 34, inda Ubangiji ya yi magana da makiyayan da suke kiwon kansu, a bar mu mu ji duka biyun a zama ɗaya.

Idan wani a cikinku ya ga na karkatar da wata aya a takardar nan, ya amsa mini a fili kamar yadda na rubuta a fili, ya nuna mini sura da aya, zan karanta tare da 'yan'uwan da muka tattauna wannan magana da su.

Ku gaida iyayenmu mata da yara.

Ɗanku cikin Almasihu,
daga Unguwar Boro, Kaduna